Mai Fararen Ɓeraye

Motarmu daga Katsina ta tsaya a Kurfi tana jiran fasinjan Dutsin-Ma, rana kuwa ta take. Kusa da ni wata mata ce zaune, za ta yi shekara talatin da biyar, tabarau ya zamo mata kan hanci, ga garin alli a hannun hijabinta. Ina zaton malamar makaranta ce. Bisa cinyarta ta rungume keji cike da fararen ɓeraye masu jajayen idanu.

Direba ya leƙo. "Malama, a mayar da su but mana."

"Ni ka sa ni a but, su dai a'a."

Wani dattijo da ke gabanmu ya waiwayo. "'Yata, kowa maganin ɓera yake nema, ke kuma kiwonsu kike yi?"

Ta yi murmushi, ta ce digiri na biyu take yi a kan sinadaran jikin halitta. Jarrabawa duk ta ci, saura bincike. Sai ta ba su ruwan zogale na kwana ashirin da takwas, ta auna jininsu, sannan ta kare sakamakon a gaban malamai. Na bara zafi ya kashe su a hanya, shekara guda ta tafi haka nan.

Tana magana tana ƙirga su da leɓe. Ruwan ledar da ta saya ko kurɓa ba ta yi ba, su take ɗiga mawa.

Dattijon ya daɗe yana kallonta. Can sai ya cire hularsa, ya shiga yi wa kejin fifita.

"Jiya na kashe 'yan'uwansu bakwai a rumbu," in ji shi. "Don Allah kada wanda ya kai wa tsohuwata labarin yau ina yi wa ɓera fifita."