Inuwata a Gindin Tsamiya

Shekara talatin na yi ina koyar da Hausa tsakanin Roni da Gwiwa, kuma ban taɓa zaton za a nemi shawarata a kan zanen tallan fim ba, balle na ban tsoro. Jikata ce ta jawo ni ciki. Tana karatun aikin jarida a nan Kazaure, aka umarce su da kowa ya tsara fastar wani fim da zai ƙaga. Malaminsu ya mayar mata da tata, ya ce in ba ta sake wata kafin Litinin ba, sai ta maimaita darasin baɗi.

Ta same ni a zaure da hantsi, idanu jajur. Na karɓi takardar na duba: baƙi ƙirin, ga ƙoƙon kai, ga jini yana tsiyaya daga haruffa.

"Amarya," na ce, "wannan mayanka ce ko makabartar Turawa?"

"Tsoho, in ba za ka taimaka ba, ba ni abata."

"Kin taɓa jin tsoron irin wannan?"

Ta ce a'a. Na tambaye ta abin da kakarta, Allah ya jiƙanta, take hana ta tun tana ƙarama. Ta ce, "Zama a gindin tsamiya da rana tsaka. Kuma in an kira sunana ban ga mai kira ba, kada in amsa."

Na ce mata to ga fim ɗinta nan. Mu mutanen ƙasar nan, lokacin da gari ya yi tsit da zafi, kasuwa ba ta ci ba, awaki sun lafe, a nan gabanmu yake faɗuwa. Ko sunan masu wurin ba mu kamawa, mutanen ɓoye muke cewa.

Ran Asabar muka hau keke mai ƙafa uku zuwa wata tsamiya a bayan duwatsu, kan hanyar Roni. Na yi addu'o'ina, na tsaya daura da tsamiyar da babbar riga da sanda, zufa tana keto mini, ita kuwa tana shirin ɗaukata hoto.

"Angona, daina murmushi!"

"Ai kin ce goge ni za ki yi."

"Duk da haka."

Da ta koma ga na'urarta, ta share ni sarai, ta bar inuwata kaɗai a kan farin yashi, gajeruwa, riƙe da sanda. A ƙasa ta rubuta: Kada Ki Amsa.

Malamin, mutumin Filato ne, ya daɗe yana kallo, ya ce a ƙauyensu ma haka ake gargaɗi. Ta ci darasin.

An liƙa fastar a allon sashensu. Na kai abokaina biyu su gani, na nuna musu kaina. Ɗayansu ya gyara tabarau, ya ce shi dai bai ga kowa ba, ya nemi tsari, ya ce mu tafi.