Ranar da Na Saka Iya a Talabijin

Har yau idan na ga wayar da ake haɗa kwamfuta da talabijin, sai kunya ta rufe ni. Iya nake tunawa, kakata ta wajen uba.

A gidanmu na Sandamu, da an idar da sallar isha'i muke zagaye murhunta. Sharaɗinta ɗaya ne, sai an kashe fitila. "Ni ba na tatsuniya ana kallon bakina," in ji ta. A duhun nan, Iya da ko sunan ɗanta na fari ba ta faɗa don kunya, sai ta zama wata daban. Ta yi muryar kura, ta yi kukan jaki, mu yi ta birgima. Ni kuwa "maigidana" take kirana, irin wasan kaka da jika.

Wadda na fi so ita ce ta tsuntsun rumbu. Wani manomi ne tsuntsu ya shiga rumbunsa, kullum da yamma yana rera masa waƙa daga ciki. Daɗi ya ishe shi, ya tara mutanen gari, ya yaye jinkar rumbun don su gani. Ashe tsohon tsuntsu ne, gashinsa duk ya zube. Aka kwashe da dariya. Tsuntsun bai gudu ba, amma bai ƙara waƙa ba.

Na girma, na sami aiki a Katsina. Wani zuwa da na yi gida, na tarar tana yi wa 'ya'yana tatsuniya, sai na ɗauke ta a waya a ɓoye. Da na juye a kwamfuta, duhu ya yi yawa. Na tafi Daura shagon wani Inyamuri mai sayar da talabijin, ya jera mini guda uku, muna jona kwamfutar ɗaya bayan ɗaya. Biyun farko inuwa kawai suka nuna. Ta ukun kuwa tar.

"Oga, wannan ko gashin gira za ka ƙirga," in ji shi. Wallahi har da murnata na saya.

Ranar Sallah na kafa ta a tsakar gida, dangi sun cika, har da mazajen 'ya'yanta mata biyu, surukan da ko ruwa ba ta sha a gabansu. Na jona wayar kwamfutar a jikin talabijin, na danna. Sai ga Iya ta cika allo, ɗankwali ya zame, furfura a waje, baki ba haƙori, ta wage shi tana kukan jaki.

Yara suka fashe da dariya. Surukan suka sunkuyar da kai. Iya ta ja mayafi ta rufe fuska. Na fizge wayar a gigice, hoton ya ɗauke, amma kukan jakin ya ci gaba da fita daga kwamfutar.

Da ta miƙe za ta shiga ɗaki, ta tsaya kusa da ni, murya ƙasa ƙasa.

"Sani, ka yaye jinka."

Ban taɓa jin sunana a bakinta ba sai ranar. Na ba ta haƙuri, ta ce ta yafe, kuma na san ta yafe. Amma har ta rasu, idan yara suka roƙe ta tatsuniya, sai ta ce, "Ku je wurin babanku, tana cikin akwatinsa."

Ina yaro na fi kowa zagin manomin nan. Hoton yana nan a kwamfutar, shi kaɗai ne muryarta da ta rage mana, kuma har yau na kasa buɗe shi.