Shukun Ranar Gasa

Kowace Litinin da safe, kafin in gama wanke kofunan shayi, saƙon ƙungiyar wasannin yara yake shigowa wayata. Kocin yaran ce take rubuta shi, wata siririyar 'yar Malay da ban taɓa ganin ta tana tafiya a hankali ba. Labaran mako ne: Laraba iyo, Asabar keke a gefen tafkin Titiwangsa, Lahadi gudu, wane ya ƙara sauri, wance ta koyi sauka daga keke ba tare da ta ci ƙasa ba. Idan an yi gasa kuwa, sai a jero sunayen waɗanda suka kammala, da hotunansu, kowa ya ciji lambar da aka rataya masa kamar an ba shi ƙuli-ƙuli.

A lokacin muna zaune a unguwar Wangsa Maju, can ƙasar 'yan Malay, a hawa na goma sha biyu. Abbansu yana karatun digiri na uku a jami'ar da ke Jalan Semarak, ni kuma ina digirin jiran sa ya gama. Babbar 'yarmu shekararta goma sha ɗaya. 'Yar fari ce, kuma sunan surukata aka sa mata, don haka ban taɓa kiran sunanta ba, a nan ma ba zan fara ba. A wurin wankan da ke ƙasan beninmu ta koyi iyo, daga nan ɗiyar maƙwabciya ta ja ta zuwa wannan ƙungiya, inda ake koya wa yara su yi iyo, su fito su hau keke, su sauka su kama gudu, duk a jere ba hutawa.

Ranar da ta yi mini bayani na ce, "A garinmu, wanda ya yi waɗannan ukun a jere, wani abu ne ya biyo shi."

Ba ta yi dariya ba. Yaran da suka tashi a can ba su cika gane wasan iyayensu ba.

Abu ɗaya take so a duniya: ta ga sunanta a saƙon Litinin. Shekara guda tana zuwa atisaye, ba ta taɓa shiga gasa ba. Ko dai ta faɗo ranar jarrabawa, ko tana fama da mura. Sai ga Abbansu ya gama rubutunsa, aka sa mana ranar komawa Kano. Gasa ɗaya ce ta rage kafin mu tashi. Ta yi wa ranar da'ira a kalandar kicin, da jan biro, ta zagaye ta har takardar ta huje.

Ashe ban da ukun nan akwai na huɗu, shi ne canjin kaya. Daga fitowarki ruwa zuwa hawanki keke agogo bai tsaya ba. Falona ya koma filin atisaye. Za ta jera takalmi, da ƙaramin hijabinta na wasa, da hular kwano a kan tawul, ta fito daga banɗaki a guje, ta zura wannan, ta ɗaure wancan, Abbansu yana riƙe da waya yana duba lokaci. Mutumin da bai taɓa sanin minti nawa tuwo yake ɗauka ba.

Dokoki biyu koci ta yi ta nanatawa a saƙonninta. Yaro ba zai taɓa kekensa ba sai ya ɗaure hular kwano. Kuma iyaye ba za su tsallaka igiyar da ta kewaye wurin canjin kaya ba, ko ruwa ba za su miƙa ba. Wanda aka taimaka wa an cire shi. Na karanta, kamar yadda ake karanta takardar da ke cikin kwalin magani.

Ni abin da ya tsaya mini a rai hoton ne. Hoton nan zai je Kano, ya shiga wayar yayata, daga nan ya zaga dangi. Kuma na san yaran nan, da sun ƙetare layi suke fizge duk abin da ke kansu saboda zafi. A ce an ga 'yata da kai kamar ba ta da uwa? Ranar Asabar da la'asar, bayan koci ta kwashe kekuna da hulunan yaran a motar ƙungiya, na ɗauko kibiya da man da na sayo a kasuwar Chow Kit, na nuna mata tabarma.

"Umma, zane za ki yi mini ko? Duk baya."

"Zane na zuwa makaranta ne. Gobe ranar taro ce."

"Umma, helmet ɗin fa. Tak boleh lah, hular ba za ta shiga ba."

"Kan mutum ne zai shiga, ba tukunya ba. Zauna."

Ta zauna. Ta saba zama tsakanin gwiwoyina tun tana 'yar shekara biyu, kuma a nan ne kaɗai take yi mini hira da Hausa zalla, don idan ta sako Turanci nakan ɗan ƙara jan gashin. Na yarfa mata shuku ƙanana, na tattara su a tsakiyar kai, na naɗe jelar ta tashi sosai. Ban taɓa yin kitso mai kyansa ba, kuma har yau ina kan wannan maganar.

Da safe hular roba ta iyo ta shiga, don ita roba ba ta gardama. Na dube ta na ce, "Kin gani?"

Aka busa usur. Ni da nake cewa wasan banza ne, sai na tsinci kaina ina ɗage a bayan wani dogon ɗan ƙasar Sin, ina karanto duk addu'ar da ta zo bakina. Ita ce ta uku da ta fito daga ruwa, a cikin yara kusan ashirin. Ta ruga wurin kekenta, ta cire hular roba, ta zura takalmi, ta zura hijabi, ta ɗora hular kwano.

Hular ta zauna a saman shuku kamar faifai a kan tulu.

Ta danna, ta ja igiyar hular, ba ta kai haɓa ba. Ta cire, ta juya, ta sake dannawa. Alƙalin wurin ya matso yana girgiza kai, ya nuna mata keken, ya nuna hular. Yara suna fitowa daga ruwa suna wuce ta, ɗaya bayan ɗaya. Ta tura hannu ƙarƙashin hijabin tana neman bakin jelar, amma ni na naɗe, kuma ba na naɗin wasa. Sai ta ɗago tana duba cikin jama'a. Ba koci take nema ba.

Abbansu ya riƙe gefen mayafina. "Hajiya, kada ki shiga. Za su cire ta."

Na ji shi sarai. Amma wace uwa ce 'yarta za ta nemo ta da ido irin haka ta tsaya tana tuna doka? Ban san lokacin da na tattare zani na tsallaka igiyar ba. Na durƙusa a bayanta, na warware naɗin, na kama tsifa da yatsu da haƙori. Wani yana ta busa usur a kaina yana cewa, "Puan, puan, keluar!" wato in fita. Na tsefe na tsakiya guda shida, hular ta zauna, ta ɗaure. Alƙalin ya riga ya rubuta lambarta a takardarsa. Ta gani, ni ma na gani.

Duk da haka ta hau keken. Ta zagaye filin, ta sauka, ta yi gudunta har ƙarshe. Da ta iso layi wata mata ta ɗaga lamba za ta rataya mata, aka raɗa mata magana, ta mayar cikin kwali. 'Yata ba ta yi kuka ba, kuma ba ta fizge komai daga kanta ba. Kyakkyawan kitson nan, ban da ni da alƙali ba wanda ya kula da shi a wurin.

A tasi na ce ko mu tsaya a mamak, shagon abincinsu, mu yi tapau, wato a ƙunshe mana roti, irin gurasarsu. Ta ce ta ƙoshi. Na so in ce ta yi haƙuri, amma a gidanmu ba a koya wa uwa yadda ake faɗa wa 'yar fari wannan ba. Sai na ce rana ta yi zafi yau.

Litinin saƙo ya shigo. Na ajiye kofin da nake wankewa na karanta jerin sau biyu, kamar karatu na biyu zai sauya wani abu. Sunan da ni ban taɓa faɗa ba, su ma ba su rubuta shi ba. Amma gidanmu bai tashi a banza ba, domin a ƙasa koci ta ƙara sabon layi cikin ladabi irin nasu: ana roƙon iyaye su gwada wa yaro hular kwano bayan an gyara masa gashi, ba kafin nan ba.

Yanzu shekararmu uku da dawowa. Ban fita daga zauren ƙungiyar ba, kuma ba wanda ya tuna ya cire ni. Duk jajibirin gasa sai layin nan ya sake fitowa, tsakanin tunatarwar kwalbar ruwa da ta iskar taya, yaran da ba su taɓa ganina ba suna bin dokata.

Ita kuwa ba ta taɓa ɗaga mini maganar ba. Asabar ɗin da ta biyo bayan gasar na shimfiɗa tabarma, na ɗauko kibiya na kira ta. Ta leƙo daga ɗaki da kalaba biyu karkatattu da ta yi wa kanta a gaban madubi.

"Na riga na yi, Umma. Na gode."

Tun daga ranar ba ta ƙara zama tsakanin gwiwoyina ba.