Zoben Zuhal da Malam Armaya'u Bai Jira Ba

Ranar Talata, 14 ga Oktoba, 2025, ni Tayyib ina shagona na ɗaukar hoto a Safana aka bugo mini daga Wagini cewa Allah Ya karɓi ran Malam Armaya'u, bayan jinyar wata biyu. Daga Allah muke, gare Shi za mu koma.

Malam, shekara talatin ka yi kana koyar da kimiyya, amma ban taɓa ganin ɗalibin da ya kai ka yawan tambaya ba. Da ka yi ritaya kowa ya zaci shanu za ka saya. Sai ga ka da na'urar hangen nesa ta hannu, wai Zuhal kake son ɗauka, duniyar nan mai zobe da ka daɗe kana nuna wa yara a littafi.

Da damina ka fara zuwa shagona a kan babur. Ka ɗaura waya a bakin na'urar kafin asuba, ka ɗauki bidiyo, ni kuma in sa manhaja ta tsince hotunan da suka fi kyau ta haɗe su wuri guda. Zuhal na fitowa, amma babu zobe, sai wani siririn layi kamar an soke ƙwai da allura. Muka zargi manhajar, muka sake ta. Muka zargi wayar, ka aro wata. Ka goge gilashi har na ji tsoron zai ƙare. Ni na gaji, kai kuwa kullum da sabuwar tambaya kake zuwa.

Yau zan faɗi laifina a gaban jama'a. Da na ga ciwo ya fara cin ka, tsoro ya kama ni kada ka tafi ba ka ga abin da kake nema ba. Mu masu hoto mun saba gyara wa mutane fuska. Sai na samo zobe a wani hoton, na liƙa wa naka, na kai maka har gida. Ka daɗe kana kallo, sannan ka ce, "Tayyib, wannan ya fi abin da idona ya gani kyau. Ina ka samo shi?" Kunya ta rufe ni. Ba ka yi faɗa ba, ka dai ce abin da ke can kake so, ko da mummuna ne.

Amsar ɓatan zoben a tsakar gidanka take. Muna zaune Inna Kulu, mai ɗakinka, ta wuce da faifai a hannu, ka ce ta tsaya. Ka karɓa, ka ɗaga shi daidai idonka, kana karkata shi a hankali har faɗinsa ya ɓace, ya zama layi. "To, in zoben ne ya juyo mana gefensa fa?" Ka tura tambayar ga masu kallon taurari a intanet, suka ce haka ne: bana ta gefe muke ganinsa, kuma zai riƙa buɗewa kaɗan-kaɗan har nan da shekara bakwai. Ashe wata huɗu muka yi muna gyaran hoton da ba shi da laifi. Ka yi dariya har tari ya sarƙe ka, ka ce in ajiye na farkon nan, shi ne na gaskiya.

Na'urar tana wurina, kamar yadda ka yi wasiyya. Ina kewarka ƙwarai, Malam. Duk shekara zan ɗauki Zuhal in kai wa Inna Kulu, kuma ba zan ƙara masa komai ba.

Allah Ya jiƙan ka, Ya yafe maka, Ya haskaka kabarinka. Allah Ya ba Inna Kulu, da 'ya'yanka Nurain da Hadiyya, da mutanen Wagini haƙurin rashinka. Mu kuma Ya kyautata namu ƙarshen.