Madarar da Aka Kwashe wa Mai

Shekarar da na gama aji biyar a Dutsin-Ma, ranar rufe makaranta, hedimasta ya tara mu da iyaye a gindin durumi. Ya karanta waɗanda suka ci jarrabawa, ya faɗi ranar dawowa, ya yi ta jan magana har ƙafafuna suka yi tsami. Can a ƙarshe ya sa aka jawo wasu buhunan takarda. Ya ce madarar shanu ce aka busar ta koma gari, za a auna wa kowa kwano biyu ya kai wa ƙannensa su sha a hutu.

Nan na farka. Ina da ƙanwa a Kurfi da aka yaye, ta ƙi tuwo, ta ƙi kunu, wuyanta ya koma kamar sillen kara. An kai ta ɗakin kakarmu, yadda ake yi wa kowane yayayye, ga nono ya yi wuya don shanu sun tafi kudu.

Ina sauka daga mota na kwance ƙullin a gaban tsohuwar. Ita a ruga ta tashi, wajen Ɗantutture, ba a yi mata gardama a kan nono. Ta murza garin, ta sansana.

"Mi ne ne wannan, 'yar boko? Allin makarantarku kuka daka?"

"Madara ce, Iya. Kawo ruwa in dama mata."

"Wace saniya ce ke zubo gari? Ba ya shiga cikin yarinyar nan sai ya gaya mini ko shi wane ne."

Na ce ai hedimasta ya faɗa. Ta ce hedimasta ya taɓa tatsa? Na yi tsaki, na sha ranƙwashi.

Haushi nake ji, amma ni ma ina son in gani. Ta dama garin da ruwan ɗumi, ta ɗiga ɗan tsohon nono da ta roƙo a maƙwabta, ta rufe ƙwaryar da faifai, ta aje kusa da murhu. Kafin la'asar na buɗe faifan nan ya fi sau biyar.

"Uwar gaggawa, ko ke sai da kika yi wata tara!"

Washegari damun ya yi barci sumul, kamar kindirmo. Na ce to, shi ke nan, a ba ta. Ta ce da saura. Ta juye a gora ta hau kaɗawa. Ta gaji, na karɓa, na kaɗa har kafaɗata ta riƙe, ƙanwata na zaune tana bin goran da ido. Aka juye. Ko ɗigon mai babu, sai kumfa.

Na ɗauka kaji za a watsa wa. Iya kuwa ta ɗebi ludayi guda ta kurɓa, sai ta fashe da dariya.

"Tsala ce! Wallahi tsala ce! Sun kaɗe, sun kwashe mansu, sun aiko mana da saura. Ashe can inda aka yi garin nan ma akwai wayayyun mata."

Ta shiga ɗaki ta ɗauko ɗan kurtun man shanun da take ɓoyo, wanda ko babanmu ba ya gani. Ta lakato da yatsa ta narka a ciki, ta marmasa fura, ta ɗora yarinyar a cinya. Ƙanwata ta kurɓi kaɗan, ta dubi Iya, sannan ta kama ludayin da hannu biyu.

Sai da na shiga sakandare na iya karanta abin da ke jikin irin buhun nan: madara ce da aka cire wa mai. Da na zo hutu na gaya wa Iya. Ko ɗago kai ba ta yi daga kaɗin audugarta ba, ta ce, "Shekara biyu kika yi kafin ki gano?"