Lamisi da itatuwan gonar Musah

Duk wanda ya saba bin layin bayan kasuwar Maamobi a Accra da safe ya san Lamisi mai koko, Allah ya haskaka kabarinta. Gajeriya ce mai faɗin kafaɗa, muryarta takan riga ƙamshin ƙosanta isa bakin titi. Tana budurwa ta baro ƙauyensu da ke bayan Savelugu, ta yi kayayo a kasuwar Tudu, tana dakon kayan mutane a kwano har gashin tsakar kanta ya zube. A can ta haɗu da Musah, ɗan ƙauyensu mai tura amalanke. Suka yi aure, suka kama ɗaki a Maamobi, ta kafa tukunyar koko.

Musah bai daɗe ba. Ya rasu 'yarsu Samiratu na ƙarama, ƙanenta Tawfiq kuma yana goye. Abin da ya bar musu gona ce a ƙauye, cike da manyan itatuwan kaɗanya waɗanda kakanninsa ma a tsaye suka tarar da su. A ƙauyen nan kuwa ga yadda ake yi: kaɗanyar gonar mutum ta matan ɗakinsa ce, muddin suna tsinta. In damina guda ta wuce babu wata mace daga ɗakin da ta sunkuya ta tsinci ƙwara, to itatuwan sun koma hannun babban gida, ya yi yadda ya ga dama da su. Babban gidan kuwa shi ne Ziblim, yayan Musah, kuma kowa ya san masu ƙona gawayi sun daɗe suna kai masa gaisuwa, don babu gawayin da ake so kamar na kaɗanya.

Shi ya sa da zarar makarantu sun ba da dogon hutu, Lamisi takan kife tukunya, ta ɗaure kaya, ta tasa yaranta gaba sai tashar motocin Tamale. Ayisha mai waakye, wato shinkafa da wake, maƙwabciyarta a layin, ba ta taɓa barinta ta wuce shiru ba.

"Ei, Hajiya za ta London ke nan? Ki gaishe mana da sauro!"

"Zan kawo miki man shafawa, ko ƙafar nan taki ta daina tsage mana tabarma," in ji Lamisi, ko juyowa ba ta yi.

A ƙauye yaran suka san abin da Accra ba ta da shi. Tawfiq ya koyi bin zabi har ya gano inda suke ɓoye ƙwai, ya ci gasasshiyar masara har cikinsa ya ƙulle. Samiratu ta yi ta kukan ba fanka, ba wuta, amma in an zuba tuwo da miyar kuɓewa ɗanya a tsakar gida, ita ke suɗe kwano. Bayan sallar asuba Lamisi takan sa takalmin roba saboda macizai, ta nufi gona da kwanonta. Ba a girgiza kaɗanya, ba a jifanta, ba a kai mata sanda. Abin da ya nuna ya faɗo da kansa, shi ake tsinta. Ta dawo ta dafa ƙwarar, ta shanya, tana gadin shanyar da ido ɗaya a kan hadari. Kowace shekara, ranar da ta iso, takan je ta durƙusa gaban Ziblim ta gaishe shi yadda ya kamata, shi kuma ya amsa yana kallon gefe.

"Kin sake zuwa."

"Na sake zuwa, maigida. Ko ka yi kewata?"

Haka aka yi ta yi har yaran suka girma. Tawfiq ya shiga gyaran babur a unguwar Nima, Samiratu ta buɗe shagon ɗinki, ta daina zuwa ƙauye gaba ɗaya. Lamisi ta ci gaba da tafiya ita kaɗai.

Bara ne ciwo ya kama ta. Ƙafafunta suka kumbura, numfashi ya riƙa yi mata wuya, tukunyar da take ɗagawa da hannu ɗaya ta gagare ta. A asibiti aka ce ta zauna wuri ɗaya. Da hutu ya matso, sai Samiratu ta ɗauke jakar tafiyar ta kai shago ta ɓoye.

"Maa, ba inda za ki. Itace ne fa! Itace kawai!"

"Kuɗin makarantarki daga ina ya fito, daga bishiyar kwakwa?"

"Na ji. Amma yanzu ni ke ciyar da ke. Baba Ziblim ya ƙone su mana, ya ƙone har da ƙasar."

Lamisi ta kalle ta. Ba haushi ta ji ba, tsoro ne ya kama ta. Ta ga ranar da za a tambayi 'ya'yan Musah daga ina suke, su ce daga ɗakin haya a Maamobi.

"Ki riƙe jakar," ta ce. "A zani na ɗauro kayana na zo garin nan."

Washegari, Samiratu na shago, Lamisi ta ƙulle kayanta a zani, ta sa Ayisha ta tare mata mota. Ayisha ba ta yi tsiya ba a ranar. Kuka ta yi, ta cusa mata waakye a ganye.

Da Lamisi ta isa, sai ta tarar masu gawayi sun riga sun kafa bukka a bakin gonar, gatura jingine da kututture. Labarin ciwonta ya riga ta zuwa. Ziblim ya dubi ƙafafunta, ya yi murmushi.

"Sannu da hanya. Amma zuwa daban, tsinta daban. Kada wata ta tsintar miki, sai dai 'yar ɗakin Musah."

Gaskiyarsa ce, ba ta iya sunkuyawa. In ta gwada, duniya sai ta juya mata. Don haka ta sa aka kai ta gindin itace a bayan keke, ta zauna a ƙasa daɓas, ta riƙa jan jiki cikin jiƙaƙƙiyar ciyawa tana tsintar abin da hannunta ya kai, tana jefawa a 'yar ƙwarya. Matan ƙauye suka tsaya daga nesa, hannuwansu na ƙaiƙayi, ba damar taimako. Masu gawayi suna kallo suna shan taba.

"Ku zauna da kyau," ta ɗaga murya ta ce musu. "Zaman zai yi tsawo."

A haka Samiratu ta same ta. Ta biyo ta ne a fusace don ta mayar da ita gida, sai ta ga uwarta zaune cikin laka, zani ya jiƙe, tana miƙa hannu ga ƙwara ɗaya da ta fi ƙarfinta. Samiratu ta tuɓe takalminta na Accra, ta ari kwano. Amma kakar ta kusa ƙarewa, abin da ke ƙasa bai taka kara ya karya ba, ita kuwa so take ta cika kwanon ta fitar da uwarta daga raɓa. Sai ta rarumi wata doguwar gora ta shiga dukan rassa. 'Ya'yan itace suka yi ta zubowa, kore shar, da ganye da komai.

Salatin matan ne ya sa Lamisi ta waiwaya. Kafin ta buɗe baki, Ziblim ya iso yana tafa hannu.

"Kun gani! Jama'a kun gani! 'Yan Accra sun zo suna dukan itacen kakanninmu. Wannan ba tsinta ba ce, ɓarna ce. Bana ɗakin Musah bai tsinta ba."

Aka aika aka kira Magajiya, tsohuwar da ke yanke maganar mata a ƙauyen. Ta zo tana dogara sanda, ta leƙa kwanon Samiratu, ta girgiza kai. Samiratu ta tsaya da gora a hannu, hawaye na zuba.

"Kawo kwanon nan," in ji Lamisi.

Ta karɓa, ta kifar da shi gaban Magajiya, kaf.

"Wannan laifi ne, M'ma, kuma laifina ne, ni ban koya mata ba. A yanka mana tara, za mu biya. Amma yarinyar nan ganye ta kakkaɓe, baɗi zai tsiro. Shi da yake kuka don an daki itacen, ki tambaye shi gaturan can na mene ne. Na sosa masa baya?"

Wata mata ta fashe da dariya, ta toshe baki. Lamisi ta ɗaga 'yar ƙwaryarta da hannu biyu. Ko rabi ba ta cika ba.

"Wannan kuma nawa ne. Da gindina na ja na tsinto shi. Ki duba ko akwai ɗanye."

Magajiya ta zuba hannu ta juya ƙwarar ɗaya bayan ɗaya, ba ta yi gaggawa ba. Sannan ta miƙe ta ce ɗakin Musah ya tsinta, yarinya kuma za ta kawo zabuwa ga tsofaffi saboda gorar. Ziblim ya kaɗe rigarsa ya wuce. Kafin la'asar masu gawayi sun kwance bukkarsu.

Sauran hutun nan Lamisi a tabarma ta yi shi, a ƙofar ɗaki, tana ba da umarni. Ta koya wa Samiratu yadda ake gane ƙwara ta dahu, da yadda ake girgiza ta a kunne a ji ko ta bushe. Suka yi faɗa, suka yi dariya, suka ci masara. Samiratu ta ce ba ta taɓa ganin uwarta da annashuwa haka ba.

Sun dawo Maamobi, amma tukunyar koko ba ta sake hawa wuta ba. Kafin ruwan sama ya ɗauke, Lamisi ta cika, a ɗakinta, kanta a cinyar 'yarta. Layin ya yi shiru irin wanda ba mu saba da shi ba, kuma har yau ba mu saba ba. Allah ya sa ta huta, ya sanyaya mata makwanci, ta sha wuya a duniyar nan ba ta taɓa kai ƙara wurin kowa ba.

Ziblim ya zo sadakar bakwai, da babbar riga. Ya yi addu'a mai tsawo, ya yabi marigayiya. Da mutane suka ragu, ya kira Samiratu, ya tausasa murya.

"'Yata, ke ga shago, ga nisa. Baɗi kada ki wahalar da kanki. Ni zan kula da gonar."

Samiratu ta durƙusa har ƙasa, ta miƙa masa ruwa da hannu biyu.

"Allah ya saka da alheri, Baba. Amma ba sai baɗi ba. Na ji an ce gobarar daji kan ci itatuwa da rani in ba a share gindinsu ba. Tawfiq zai bi ka gobe da fartanya, mota ɗaya za ku shiga. Ni kuma ina nan tafe da ruwan farko."

Ziblim ya riƙe kofin, bai sha ba. Can ya tambayi Tawfiq ko motar safe za su bi.