Malam Muhuyi, Wanda Ya Gyara Mini Sinki Daga Zaure

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ranar Alhamis, 12 ga Yuni, 2025, bayan la'asar, Allah ya karɓi ran Malam Muhuyi mai gyaran famfo na Bebeji, bayan jinyar kwana tara. Ni Mairama, matar Zailani, na ɗauki biro da niyyar kuka, sai ga ni ina tuna ka ina dariya, Baba. Haka ka saba mana.

Kana yaro ruwan madatsar Tiga ya cinye garinku. Kakan ce tun ranar kake bin ruwa da sifana kana ramuwa.

Ba zan manta shekarar da maigidana ya sa mini sinki a kicin ya tafi aiki Riruwai ba. Ɗoki ya sa komai a ciki nake tuttulewa, ƙasari ne, tsakuwar regen shinkafa ce, har tafasasshen ruwa. Bututun ƙasa ya fara yoyo. Na naɗe shi da robar tayar babur, na yi shiru da bakina. Ashe ruwa bango yake bi, bangon kuwa na ƙasa ne, a bayansa ɗakin surukata Inna yake, wadda ciwon ƙafa ya kwantar. Ranar da ta ce filasta na zubo mata a gado, na leƙa na ga bangon ya jiƙe sharkaf. In bangon nan ya faɗi, a kanta zai faɗi.

Na aika maka. Ka zo ka yi sallama, da ka ji maigida ba ya nan, ka shimfiɗa buhu a zaure ka zauna. Na yi magiya, Inna ma ta ɗaga murya ta ce ta ba ka izini. Ka ce, "Hajiya, Allah ya ƙara girma, amma ban taɓa wuce zauren da mai shi ba ya nan ba. Ke 'yar nan, hannu nawa gare ki? Biyu? To, ni ma biyun ne."

Ka turo sifana ta ƙarƙashin labule. Kana zaure kana ƙwalo mini karatu, ina durƙushe ƙarƙashin sinki: "Tara bokiti tukuna! Sannan kwance notin da ke gwiwar bututun." Don gaggawa ban tara bokitin ba. Ruwan da ya wanke mini fuska, wallahi har yau ba na son tuna warinsa. Da ka ji ihuna ka ce, "Madalla, kin samu wurin!" Inna ta yi dariya har da tari.

Tsakuwar da na zazzage daga gwiwar ta kusa cika gwangwani. Zoben robar da ke bakin bututun ya tsage, ka wullo mini sabo, ka ce in ɗaure da hannu kamar murfin kwalbar man gyaɗa, in na matsa da sifana zai fashe. Na shimfiɗa takarda a ƙasa yadda ka ce, na saki ruwa. Muka kasa kunne mu uku, kowa a inda yake. Ko ɗigo! Ba ka tafi ba sai da ka ji maƙwabta mata sun matsar da gadon Inna, kafin bango ya bushe a gyara shi.

Tun daga ranar, duk gidan da ba a shiga cewa kake, "Ku kira Mairama." Ka ba ni sana'a, ko ƙofar kicin ɗina ba ka taɓa gani ba. Ina kewarka, Baba, ƙwarai da gaske.

Ina miƙa ta'aziyya ga matarka Hajiya Fiddausi, da 'ya'yanka Nazifi da Nusaiba, da duk mutanen Bebeji. Allah ya ba mu haƙurin rashinka.

Da na gaya wa Inna rasuwarka, sai ta ce a ɗauke ta. Shekara shida rabonta da ƙofar gida, jiya muka kai ta gidanka a adaidaita. Ta riƙe hannun Hajiya Fiddausi ta ce, "Ba don mijinki ba, da ni aka fara yi wa wannan zaman."

Allah ya jiƙan ka, Malam Muhuyi, ya yalwata kabarinka, ya sa Aljanna ce makomarka. Amin.